Karar da Muka Yi wa Sa'adatu a Duwala

Tun da na dawo Jimeta ban huta da tambaya ba. A islamiyya a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har mai kawo mana nono sai da ta sauke ƙwarya ta ce in ba ta labarin Duwala. Na kuma lura duk wadda na ba labarin sai ta ƙara masa gishiri kafin ya kai kunne na gaba. Shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ta karanta, a bar ni in sha ruwa.

Sa'adatu 'yata ce ta biyu, ita ce ta karanci kwamfuta. Kamfanin da take wa aiki ya rufe a shekarar da naira ta faɗi, ta dawo gida ta zauna, kullum ido a kan allo, tana ta ramewa. Ana nan sai ga gayyata daga wani taron masu irin sana'arta a Duwala, can ƙasar Kamaru, wai ta zo ta yi bayanin wani aiki da ta yi. Ta ce mini a irin wannan taro ne masu ɗaukar ma'aikata suke zama su saurara, wanda bayaninsa ya gamsar da su shi suke nema. Matsalar ɗaya ce, kuma duk wanda ya san Sa'a ya san ta: tana da in'ina tun tana ƙarama. A gida ba ka cika ji ba, amma da zarar ta tsorata sai harshen ya ɗaure. Ita da kanta ta roƙi babanta in raka ta. Ta ce ba abin da take so sai in zauna a gaba inda za ta riƙa ganin fuskata. Alhaji bai ja ba, tunda yayarsa Hajiya Talatu tana aure a unguwar New Bell ta Duwala tun kafin a haifi Sa'a, a wajenta za mu sauka.

Da ta kudu aka so mu bi, ta Ikom, amma a shekarun nan da ake faɗa a yankin masu Turancin Kamaru ba mai hankalin da zai ɗauki 'yarsa ya bi nan. Sai muka yi ta Garwa, hanya mai tsawo amma da kwanciyar rai.

A kan iyaka muka fara ganin abin da nake tsoro. An duba katin allurarmu, an duba jaka, an shinshina daddawar da na ƙulla wa Hajiya, sai wani jandarma ya ce a kunna kwamfuta ya gani. Ta Sa'a kuwa ba irin tamu ba ce mai hoton furanni. Tana buɗewa sai baƙin allo, fararen rubutu suna ta gudu kamar tururuwa. Mutumin ya ja da baya, ya kira abokinsa, suka hau tambaya da Faransanci da ɗan gutsuren Turanci: mene ne wannan, wa take aika wa saƙo? Sa'a ta buɗe baki, kalmar farko ta maƙale. Ina ganin jijiyar wuyanta tana motsi. Sai Allah ya sa na ji ɗayan ya yi wa ɗan'uwansa magana da Fillanci. Na gaishe shi da ɗan Fillancina na kasuwa, na tambayi mutanen gida, na ce yarinyar nan likitar injuna ce, ba ta san kowa ba sai uwarta. Ya yi dariya, ya ce to ta duba masa wayarsa da ke nauyi. Ta goge masa tarkace, muka wuce. Amma a mota na daɗe ina tunani, in mutum biyu sun ɗaure mata harshe haka, yaya ɗaki cike da mutane?

Daga Garwa muka hau babbar mota zuwa Ngaundare. Shingayen jami'ai ba sa ƙirguwa, kowane a sauko a nuna takarda a koma. Wata Bafulatana da ke kusa da ni ta ce in daina mayar da takardar cikin jaka, in soke ta a ɗaurin ɗankwali kamar yadda ta yi. Haka na yi har Ngaundare, inda muka shiga jirgin ƙasa.

Ni ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Ina ta murna kamar yarinya, sai da na zo alwala a wani ɗan ɗaki da ke rawa, ruwa ya ƙare a zanena. Salla kuwa a zaune na yi ta, alƙibla tana ta juya mini. A jirgin ne na ce wa Sa'a ta faɗa mini abin da za ta faɗa wa mutanen, da Hausa, yadda zan gane.

Ta ce a cikin kowace kwamfuta akwai wata babbar manhaja da ke zaman uwar gida, ita ke raba aiki, ita ke cewa wane ya jira, wane ya wuce. In inji ya yi nauyi, yawancin mutane zato suke yi, wannan ya ce kaza ne, wancan ya ce a sayi sabo. Ita kuwa aikinta bin sawu. Tana da kayan aikin da take sakawa su zauna a gefe suna kallon duk abin da uwar gidan ke yi, wa ya nemi me, wa ya tsaya jiran wa, har a kama inda lokaci ke zurarewa. Ta ce kamar gidan biki ne da abinci ya makara, kowa yana zagin mai tuƙa tuwo, alhali ita ma ruwa take jira. Na ce ai wannan ba wuya. Ta ce da Hausa ne ba wuya, kuma da ni.

Da gari ya waye na leƙa taga na ga duniya ta zama kore shar. A kowace tasha mata na bin jirgi da zuma da ayaba da wani dogon abu naɗe a ganye, wai bobolo, rogo ne. Na saya don son sani. Warinsa ya kusa mayar da ni baya, ga danƙo kamar roba, amma ban zubar ba, abincin mutane ne. Daga Yawunde, inda jirgin ya ajiye mu, muka sake hawa mota har Duwala, ruwan sama yana binmu.

Duwala zafi ne da laima, kana wanka kana gumi, wanki ya wuni a igiya bai bushe ba. 'Yan acaɓa, da suke kira benskin, sun fi ƙuda yawa. Da muka shiga New Bell sai na ji kamar an ɗauko wani lungu na Kano an dasa a cikin ruwa. Ga mai tsire, ga mai shayi, ga kiran salla, amma ƙofa kaɗan gaba kiɗa ne ke tashi daga wata mashaya, ba wanda ya kula wani. A kan katako ake tsallake kwata a shiga gida. Jikokin Hajiya suka zo gaishe ni, Hausarsu rabi da rabi, wai sun je marshe, wato kasuwa, wai in zauna a salon, wato falo. Da na yi tuntuɓe a bakin ƙofa wata maƙwabciya ta ce mini “asiya”, aka ce sannu ke nan. Da safe ba koko da ƙosai ba ne, fanke ne da wake da kunu, kuma wallahi ya zauna mini. An yi mana ndole, wata miyar ganye mai ɗaci-ɗaci kamar shuwaka da gyaɗa a ciki. Ita kam har yau ina marmarinta.

Hajiya Talatu mace ce mai jiki da murya, ita ce uwar matan layinsu, ba a biki ko rasuwa ba da ita ba. Bayan mun ci mun huta ta shiga ɗaki ta fito da atamfa ruwan goro mai zanen ganye, ta aza mini a cinya, ta ce tela yana jira a gwada ni. Ashe tun da na faɗa mata a waya cewa Sa'a za ta yi magana a gaban jama'a ta tafi kasuwar Mboppi ta ɗauko bandir, ta fitar da anko. Matan layi duk sun ɗinka. An shirya zoɓo da masa da dambun nama.

Sa'a ta dube ni, fuskarta ta yi fari. Ta ce wa gwaggonta a hankali ba biki ba ne, taron aiki ne, kuma sai da rajista ake shiga. Hajiya ta ce ita ba ta taɓa jin inda 'ya za ta tsaya gaban baƙi a garin da take da dangi ba a yi mata kara ba.

“So kike a ce daga sama kika faɗo? A garin nan ina raye?”

Yayar miji ce, kuma don ƙauna ta yi. Na ja Sa'a gefe na ce ta yi haƙuri, zan sa su zauna a baya, ni ina gaba kamar yadda muka yi.

Ranar taro muka cika motocin haya muka nufi wani babban ɗaki a cikin gari. Mai tsaron ƙofa ya ga mata sun doso shi cikin kaya iri ɗaya da kuloli, ya ce ɗakin biki yana can gaba. Hajiya ta zuba masa Faransancinta na kasuwa, aka kira wata matashiya cikin masu shirya taron, ta duba ta ga akwai kujeru a baya ba kowa, ta ce mu shiga amma kuloli su tsaya a waje. A nan na ga gaisuwarsu, mace da namiji a haɗa kunci. Wani ya nufo ni da fara'a, na yi maza na dafa ƙirji na rusuna, shi ma ya dafa nasa, muka rabu lafiya.

Waɗanda suka riga ta magana ban fahimci komai ba. Na dai lura wani saurayi ya gama nasa, aka tafa, aka ce akwai tambaya, ba wanda ya ɗaga hannu, ya sauka. Na ce a raina wannan ya yi sa'a, Allah ya ba 'yata irin tasa.

Aka kira sunanta. Ta hau, ta yi sallama, ta fara da Turanci, wannan matashiyar tana mayarwa da Faransanci. Jimla ta biyu harshen ya ɗaure. Ɗaki ya yi tsit, ina jin ƙarar fanka. Ta dube ni, na gyaɗa mata kai, ina ta maimaita addu'ar da Annabi Musa ya yi ta a kwance masa harshe. Ta sake gwadawa, ta sake maƙalewa. Sai ta juya ta dafa kwamfutarta ta fara bugawa, baƙin allon nan ya fito a bango, babba. Da hannun ya kama aiki sai bakin ya bi shi. Tana tuntuɓe nan da can, amma tana tafiya.

Ta kawo wani aiki da ta sa ya yi nauyi da gangan, ta ce wa mutane su faɗi abin da suke zato. Kowa ya faɗi nasa. Sai ta saki masu bin sawun nata, can sai ga wani hoto ya cika bango, ja da ruwan ɗorawa, tsini-tsini kamar harshen wuta. Ta nuna wani wuri mai faɗi ta ce ga inda lokacin yake tafiya, jira ake yi a rubuta abu a ma'ajiya. Samari suka miƙe da wayoyi suna ɗauka. Daga baya wata cikin matanmu ta ga an miƙe, ta ɗauka an gama, ta rangaɗa guɗa. Ɗaki ya kwashe da dariya, Sa'a ma ta yi, kuma daga nan muryarta ta ƙara sakewa.

Da aka ce akwai tambaya sai hannuwa suka tashi ko'ina. Wani ya ce shi tsofaffin kayan aikinsa sun ishe shi. Wata ta tambaya ko abin zai yi a kan ƙananan injuna irin nasu da wuta ke yawan ɗaukewa. Sannan wani dattijo mai sanƙo da gilashi ya miƙe, daga baya na ji sunansa Misyo Ekwala. Bai ko gaishe ta ba. Yana magana yana sara iska da hannu, yana ta cewa “no, no”. Ta amsa, ya sake tasowa. Ta nuna masa wani abu a allo, ya girgiza kai ya kawo wata. A ƙarshe na ji 'yata ta ce, da Turancin da nake ji sarai, a wannan yana da gaskiya, ba ta gwada ba. Na sunkuyar da kai. A wajenmu in malami ya yi kuskure a gaban jama'a ba ka tsayar da shi, bari kake a watse ka same shi a gefe. Wannan kuwa ya sa yarinya baƙuwa ta amsa gazawa da bakinta a gaban masu ɗaukar aiki.

Ana fita shan iska Hajiya ta riga ni. Kafin in ƙarasa sun kewaye mutumin a bakin teburin shayi, duk ruwan goro, shi kaɗai a tsakiya da kofi a hannu. Abin da na samu daga baya shi ne ta tambaye shi ko ba shi da 'ya. Ta ce yarinya ta keto ƙasa guda ta zo, ga lalurar harshe, maimakon ya ce sannu sai ya tsitsiye ta a gaban mutane. Ta ce in ya fi ta sani me ya hana shi hawa ya yi bayanin. Ni ma ina tsaye a cikinsu, kuma a lokacin zuciyata tana tare da Hajiya. Mutumin ya ajiye kofi, ya ɗan rusuna, ya fice.

Sa'a ta iso tana haki. Ban taɓa jin ta yi magana a miƙe haka cikin ɓacin rai ba.

“Gwaggo, shi ne fa. Shi ne mai ɗaukar mutanen.”

Hajiya ta ce ko shi ne gwamna ba zai ci mutuncin 'yarta ba. Sa'a ta ce ba cin mutunci ba ne. Abin da ya tambaya shi ne su masu bin sawun ai su ma suna cin ƙarfin inji, to yaya za a yi in injin yana tsakiyar hidimar dubban mutane, kuma tambaya ce mai kyau. Ta ce a sana'arsu wanda aka bari ya sauka ba gardama, shi ne bai faɗi abin da ya tsaya wa kowa a rai ba. Sai na tuna saurayin nan da na yi wa sha'awa.

Muka koma New Bell jiki a sanyaye, kulolin ma ba a buɗe ba sai a gida aka raba wa maƙwabta. Sa'a ta ce ba ta jin yunwa, ta shiga ɗaki. Bayan la'asar na sami Hajiya a tsakar gida tana tsince shinkafar masa, ba wanda ya sa ta. Ba ta ce ta yi kuskure ba, ba halinta ba ne. Ta dai ce gobe ai akwai sauran taro, kuma mutum ko kafirin gardama ne yana da ciki.

Washegari mu uku kawai muka je, ba anko. Muka sami Misyo Ekwala a bakin ƙofa yana duba waya. Da ya hango Hajiya sai ya ja da baya kaɗan, har ya ba ni tausayi. Ta miƙa masa kula da hannu biyu, ta ce jiya zafin uwa ne. Sa'a tana fassara mini. Ya ce shi ba fushi ya yi ba, kunya ce ta kore shi, don bai san yadda ake amsa wa mata masu yawa haka ba. Ya ce ya tsufa yana zuwa irin wannan taro bai taɓa ganin wanda danginsa suka rako ba. Tasa uwar har ta rasu tana gaya wa mutane gyaran talabijin yake yi. Ya faɗi haka yana dariya, amma ya cire gilashi ya goge.

Ya buɗe kular a nan tsaye, ya ɗauki masa, ya juya wajen Sa'a ya ɗora daga inda ya tsaya jiya, baki cike. Ya ce suna da injuna da ke nauyi duk ƙarshen wata in mutane suka taso aika kuɗi ta waya, sun yi zato har sun gaji. In ta yarda da kayan aikinta ta zo ta gwada a kansu na 'yan watanni, in an kama ɓarawon lokacin a yi maganar zama, in kuwa kayan nata suka durƙusar masa da inji, to shi ya faɗa tun farko. Ta ce ta yarda, in'inar ta ɗan taɓa ta a kalmar, ya jira har ta ƙarasa bai karɓe mata ba. Wannan jiran ya sa na yafe masa komai. Hajiya ta sa sharaɗinta ita ma, ta ce gardama dai ya yi tunda abincinsu ce, amma ya rage murya, yarinyar tana da mutane.

Muka kira Alhaji, ya ce tunda a ɗakin yayarsa za ta zauna ba shi da ta cewa sai addu'a. Na ƙara 'yan kwanaki, Hajiya ta kai ni Mboppi na yi tsaraba, na ga masu dako suna gudu da bandir a ka cikin taɓo ba ya faɗuwa. Sannan na kamo hanya ni kaɗai. A tasha Sa'a ta riƙe mini jaka har mota ta tashi, ni kuma na yi ta kallon gaba don kada ta ga idona. Sai da muka fita gari na bar hawayen suka yi abin da suke so, wata mata kusa da ni ta ce “asiya” ta miƙo mini ayaba.

Har yanzu gwaji take yi, ba a ce an ɗauke ta ba, don haka masu cewa wai ta zama shugabar kamfani su ji tsoron Allah. Addu'arku muke nema. Shekaranjiya ta kira ni da yamma ina tsaka da kwashe tuwo, na tambaye ta aiki. Ta ce Misyo Ekwala tun safe yake mata gardama a kan wani hoto da ta fitar, har abincin rana bai bar ta ta ci cikin natsuwa ba.

Na ce alhamdu lillahi, Allah ya ƙara.